Zuwa ga Yaya, Bayan Rasuwar Sarkin Noma

Kumasi, ƙasar Gana.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida. Ina gaida Inna gaisuwar girmamawa, kuma ina roƙonka ka zauna kusa da ita bayan sallar isha'i ka karanta mata wasiƙar nan a hankali, domin rabin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, ita ce kuma za ta gyara mini duk inda na karkace.

Saƙonka ya iso mini ranar Talata da hantsi, ina tsaye a bakin mota ana sauke buhunan albasa, cewa Allah ya yi wa Sarkin Noma rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalansa da mu duka haƙurin rashinsa. Na kira babban ɗansa na yi masa ta'aziyya, amma ka san halin waya, ga hayaniyar kasuwa ga layi yana yankewa, ban faɗi ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ke raina ba. Shi ya sa na nemi wuri na zauna na rubuta.

A daren nan barci ya ƙi zuwa, sai na shiga ƙidayar dattawan da muka taso muka tarar suna zama a gindin tsamiyar ƙofar masallaci bayan la'asar. Na ƙirga mutum goma sha ɗaya. Baba ya riga mu gidan gaskiya shekara guda bayan ambaliyar 2010, Liman ya bi bayansa, sannan Maƙeri, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Sarkin Noma kaɗai, yanzu kuma shi ma ya tafi. A cikin goma sha ɗayan nan jana'izar mutum biyu kawai na samu. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa tawa ƙafar ta yi nisa fiye da shekara ashirin, kuma wannan abu yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa idan muna magana.

Sarkin Noma bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba, amma ya san shekarunsa sarai. Yakan ce an haife shi a shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wato 1938, kuma da Sarkin ya rasu a 1988 bayan shekara hamsin a kan karaga, na ji shi da kunnena yana cewa to shi ma ya cika hamsin ke nan. Haka dukansu suke lissafi. Aurensa na biyu shekarar da aka kashe Sardauna ne, 1966. Rijiyar bakin kasuwa an haƙa ta shekarar canjin hannu, 1972, lokacin da motoci suka koma bin dama. Kai kuma, Yaya, an yaye ka shekarar canjin kuɗi, 1973, da naira ta maye gurbin fam, ko da yake wannan shekara tana da wani suna mai ɗaci a bakinsu, zan zo kansa. Idan gardama ta tashi a gindin tsamiya a kan wa ya girmi wa, da waɗannan alamomi ake raba ta, kuma ban taɓa ganin lissafin ya saɓa ba.

Akwai abin da ya haɗa ni da shi wanda bai haɗa shi da sauran yaran gari ba, shi ne wannan birni da nake zaune a ciki. Tun yana saurayi shi da Baba suka fara zuwa cin rani Kumasi. Da an gama girbi an zuba hatsi a rufewa, sai samari su ɗaure 'yan tsummokaransu su kama hanya, saboda haraji da kuɗi ake biyansa, gero kuwa ba shi da daraja a kasuwa lokacin kaka. Yakan lissafa mini zangunan hanya kamar mai jan carbi: Jega, ƙetaren Kwara, Jugu, Salga, sannan Kumasi, tsohuwar hanyar fataken goro ta Gwanja, wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan babbar mota. Sun yi aiki a gonakin koko, sun yi dako, sun yi gadi, suna kwana su goma a ɗaki ɗaya a Zango, kuma kafin ruwan farko ya sauka a gida sun dawo da kuɗin haraji da turmin atamfa da huhun goro. Baba ya daina zuwa bayan ya yi aure. Shi kuwa Sarkin Noma ya zauna har ya kafa ɗan teburin kayan masarufi, sai ga dokar gwamnatin Busiya a watan Nuwamban 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ya sayar da abin da ya tara a wulaƙance, ya dawo da akwatin ƙarfe guda da rediyo. A nan unguwar Aboabo na tarar da tsofaffin da suka tuna wannan kora, kuma idan na ɗaga maganar sukan tuna mini cewa mu ma mun kori nasu daga Najeriya a 1983, ba ni da abin cewa sai dai in ce Allah ya kiyaye gaba.

Ranar da na je yi masa sallama zan taho, yana zaune yana gyaran ƙotar hauya, bai ɗago kai ba ya ce mini: "Ɗiyana, tahi, Allah shi tsare. Amma kak ka sai da gonakka, don baƙo ko ya shekara ɗari baƙo na." A lokacin na ɗauka irin maganar da tsoho ke yi wa kowane matafiyi ce. Sai da na shekara goma a nan, na ga yadda ake sabunta takarda da yadda ake tashin 'yan kasuwa daga wannan fili zuwa wancan, na gane cewa labarin kansa ya ba ni a taƙaice.

Da ya dawo daga Gana sai ya duƙa noma kamar mai rama bashi. Inna ta ce shekara biyu a jere yana kiran gayya, gangar noma tana tashi tun da asuba, samari suna jere da hauya daga wannan iyaka zuwa waccan, mata suna kai fura a manyan ƙore, har ya ɗaure dami dubu a kaka ɗaya, ya fitar da zakka, ya raba wa malamai da gajiyayyu, hakimi ya naɗa masa rawani. Amma ba don dami dubun nan nake ganin ya cancanci sarautarsa ba. Abin da ya yi a shekarar fari shi ne ya sa har yau idan na tuna shi nakan ji tsigar jikina ta tashi.

Ni ba a haife ni ba a 1973, kai kuma kana goye, don haka Inna ce shaida. Ta ce damina ta fara a makare, aka yi shuka ta ƙone, aka sake, gero ya kai gwiwa ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye ba tare da ya fitar da kai ba. Shekarar da ta gabata ma ba a samu abin kirki ba, saboda haka rumbuna sun riga sun yi ƙasa. Mutanen arewa, Buzaye da Adarawa, suka yi ta gangarowa ta Illela da 'ya'yansu, dabbobinsu suna faɗuwa a hanya. A garinmu aka ci dusa, aka ci tafasa da yaɗiya, aka shiga tafki ana tonon bado, mata suna sussukar ƙarangiya don ɗan ƙwayar da ke ciki, wasu har gidan tururuwa suka tona don hatsin da ta tara. A cikin wannan hali Sarkin Noma yana da wata ƙaramar rufewa a bayan ɗakinsa, cike da zangarniyar gero zango da ya zaɓa da hannunsa, ya liƙe bakinta da laka. Babbar rufewarsa ya buɗe ta tun da wuri, aka ci har ta ƙare, gidansa da maƙwabta. Ƙaramar kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a taɓa ta ba. Matansa suka yi kuka, 'yan'uwansa suka yi masa magana, aka kai ƙararsa wurin Liman, a gari aka riƙa cewa ga mai taurin zuciya yana kwana a kan hatsi 'ya'yansa suna kwana da yunwa. A cikin wannan rani ƙyanda ta shigo ta tarar da yara ba ƙarfi, ta ɗauki da yawa, har da ƙaramar 'yarsa.

Da ruwan shuka ya sauka a shekarar da ta biyo, aka duba aka ga kusan babu gidan da bai cinye irinsa ba. Ran nan da sassafe ya fasa lakar, ya sa aka sussuke zangarniyar a ƙofar gidansa, ya aika aka kira masu gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya auna masa gwargwadon gonarsa, ya ce idan Allah ya kai mu kaka a mayar masa kwano a kan kwano, wanda bai samu ba kuma ya yafe. Baba yana cikin waɗanda suka karɓa. Yaya, geron da ke cikin rumbunka yau jikan wannan irin ne, haka na kusan kowane gida a unguwarmu.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, musamman tun da na haifi nawa. Ba na jin zan iya abin da ya yi, in ji kukan ɗana da dare alhali ga hatsi a bayan ɗaki. Kuma ba na ganin laifin matansa da suka yi masa kuka, domin su ke riƙe da yaran a cinya. Shi kansa bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba, ko sau ɗaya, kuma idan wani ya ɗauko shi don yabo yakan tashi ya bar wurin. Ina jin ya san abin da ya biya, kuma ya tafi kabari da nauyinsa. Allah ya sa wannan iri ya zame masa sadaka mai gudana, ya haɗa shi da 'yarsa a gidan rahama.

Farin da na gani da idona shi ne na 1984, ina ɗan shekara tara, bayan bushiya ta karkashe shanu a shekarar da ta gabace ta. Abin da ya tsaya mini daga wannan shekara shi ne Kaka, mahaifiyar Baba. Ina tuna ta zaune a bakin madafa tana jiƙa 'ya'yan anza, tana canza ruwan kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan ta dafa mana. Idan aka dama ɗan abin da ya samu ta raba mana a ludayi, muka ce Kaka ke fa, sai ta ce azumi take yi, tana rama bashin da ake bin ta. Wata da watanni tana rama wannan bashi. Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa babu azumin da ake bin Kaka ko na yini ɗaya. Idan ka kai nan a karatu ka dakata, ka bar Inna ta yi mata addu'a, don ta fi mu sanin abin da tsohuwar nan ta yi.

Da na ambaci Kaka sai na ga cewa ƙidayar da na yi ta gindin tsamiya ƙidayar rabin gari ce. Duk damin da maza suka ɗauro daga gona, hannun mace ne ya mayar da shi abinci, daga sussuka da shiƙa zuwa surfe da daka da niƙa a kan dutse, kullum ta Allah, tun kafin injin niƙa ya zo garinmu. Bayan wannan kuma ga kaɗi da mazari da dare, ga daddawa, ga ƙuli-ƙuli, ga jajayen awakin nan namu na Sakkwato da kowace tsohuwa ke kiwo a bayan ɗaki, waɗanda su ne asusunta: da kuɗin akuyar Kaka aka saya mini rigar makaranta ta farko. Gwaggo kuwa ita ce ungozomar gari, kuma da wuya ka sami wanda ya haura shekara talatin a unguwarmu da ba ita ta yanke masa cibiya ba. Ita ce kuma jaji, mai malfa, wadda ke tara mata tana koya musu alwala da salla da hukuncin jego da takaba cikin waƙa, a kan tsarin 'yan taru da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa. Duk shekara bayan kaka takan ja ayarin tsofaffin mata da 'yan mata zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, su biya ta Wurno su ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suna ɗauke da zare da man shanu da ɗan hatsi na sadaka. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma abin da ke kanta ya fi ƙarfin littafi guda, kuma da ta rasu babu wadda ta ɗauki malfar.

Liman shi ne mai lissafin taurari. Yana da wata tsohuwar takarda a cikin gafaka da yake duba kwanakin kowane tauraro, goma sha uku-uku in ban da Jabha mai goma sha huɗu, kuma manoma sukan tsaya bayan sallar asuba su tambaye shi ko Zira'a ta shiga, ko saura kwana nawa Nasara ta fita, kafin su yanke shawarar yin binne ko su jira ruwa. Shi ne yake tuna wa kowa cewa amfanin tudu da ruwan sama ya shayar dami ɗaya ake fitarwa cikin goma, na fadama da aka sha wahalar jigo kuwa ɗaya cikin ashirin. Maƙeri kuma ba ya karɓar kuɗi a hannun mutanen gari: zai ƙera maka sungumi da hauya da lauje da bazara, ya gyara maka duk damina, idan kaka ta yi ka kai masa daminsa. Na ji an ce maƙerar ta rushe, jikokinsa suna kabu-kabu a birni, kuma ba na ganin laifinsu, kowa da zamaninsa.

Fadama ita ce wurin da na fi tuna Baba. Kafin a gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, Gulbin Rima yakan cika da kansa a tsakiyar damina ya malale fadama, kuma su Baba sun san lokacinsa kamar yadda suka san lokacin salla. Sukan watsa jar shinkafar nan ta gargajiya tun kafin ruwa ya iso, ita kuma tana tsawo tana bin ruwan duk inda ya kai. Idan ya janye sai ya bar sabuwar laka da ba ta bukatar taki, ya bar kifi a tafkuna a yi su da homa da gora, sannan a yi fangali a dasa albasa da tafarnuwa, a kafa jigo. Na sha tsayawa ina karkata ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, Baba yana jan jigo tun daga asuba har rana ta take, bayansa yana sheƙi da gumi, ba ya magana sai salati. Madatsar ta kawo alherinta, don ana samun ruwa da rani, kuma injin ban-ruwa ya sauke wa mutane wahalar da ta karya bayan iyayenmu, ba zan ce a koma jigo ba. Amma ta kuma raba dattawa da iliminsu, domin gulbin ya daina bin lissafin da suka gada. Sai ga ambaliyar watan Satumban 2010, wadda ta karya gadar hanyar jami'a a Sakkwato ta kuma shafe garuruwa da dama a bakin Rima. Kai ka tsaya a cikin ruwa har ƙirji kana fitar da Inna, ni ina nan ina jin labari a rediyo. Ka ce mini Baba ya tsaya a kan tudu yana kallon rufewar da ya gina da hannunsa tana narkewa kamar gishiri, bai ce uffan ba. Daga wannan shekara bai ƙara lafiya ba.

Akwai mutum guda da ban sa shi cikin goma sha ɗayan ba, alhali ya cancanta, shi ne Ardo, aminin Baba. Duk rani yakan sauka da shanunsa a gonarmu ta tudu, a ƙarƙashin gawon nan, su ci kara da harawa su bar mana taki, Baba ya ba shi dami ya bar masa rijiya. Matarsa tana kawo wa Inna nono da man shanu ta koma da gero, har suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ba wai ba a samun ɓarna ba, ana samu, na ga ranar da Baba ya dawo gida yana huci saboda shanu sun shiga wake. Amma a gindin tsamiya aka zauna, aka tura mutum biyu suka duba, aka yanke abin da za a biya, washegari Ardo ya zo suna a gidanmu. Su Sarkin Noma ba sa yarda kowa ya ci burtali da garma, ko ɗan wane ne. Ka dubi inda muke yau. Shi Ardo ɓarayin daji suka kore masa garke, ya tashi da iyalinsa ya rasu a wata ƙasa ba mu sani ba sai daga baya. Mu kuma gonakin daji sun gagara zuwa, kuma tun harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 duk ranar kasuwa sai na kira ka kafin hankalina ya kwanta. Ɗan Sarkin Noma ya ce mini a shekarunsa na ƙarshe tsohon yakan sa a kai shi bakin gari da damina, ya zauna yana duban wajen gonarsa ta daji da ta koma saura, har magariba. Mutumin da fari bai raba shi da gona ba, tsoron bindiga ya raba shi da ita.

Ba na so in mayar da su waliyyai don sun mutu, su ma ba za su so haka ba. Suna da zafin hannu, kuma suna da taurin kai a kan abin da ba su sani ba. Lokacin da aka buɗe makarantun firamare na kowa da kowa a 1976, kuma shekaru da yawa bayan haka, a cikin rumbu ake ɓoye yara idan masu rubuta suna sun shigo gari. Yayarmu mace ta fi mu duka kaifin ƙwaƙwalwa, amma ko ƙofar aji ba ta taka ba, aka yi mata aure tana ƙarama, kuma wannan kuskure ne da ba na so a maimaita shi a kan 'ya'yanka mata ko nawa. Ni ma da na shiga, don hakimi ya matsa kowane gida ya ba da yaro ɗaya ne, Baba ya dube mu ya ga kai ka riga ka iya riƙon hauya, ya ba da ni. Kai ka zauna a gandu, ka yi noman da ya ciyar da ni har na gama, ka yi jinyar Baba, ka wanke shi ka sa shi a kabari. Ban taɓa faɗa maka wannan baki da baki ba saboda kunya, amma duk harafin da ke cikin takardar nan da guminka aka saye shi. Allah ya saka maka da alheri, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Na san ana yabon sabon irin geron nan, sosat, saboda yana nuna da wuri, kuma da yadda damina ta zama gajeriya ba zan hana ka shuka shi ba. Amma don Allah ka ware ko kunya ashirin ce a gonar gawo ka riƙa shuka zangon Sarkin Noma, nesa da sabon don kada su gauraya, ka zaɓi zangarniyar iri da hannunka kamar yadda Baba yake yi, manya masu cikakken ido, ka rataye su daban. Maganar mutumin da ya taya fadamarmu kuma, na ji, kuma na san tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ban-ruwa ya zama abin da ya zama. Duk da haka ina roƙonka kada a sayar. Kuɗin mai da na taki na wannan rani suna wuyana, zan aiko da su ƙarshen wata in Allah ya yarda, tare da kuɗin buhun gero biyu da za ka kai gidan mamaci a yi masa sadaka, ɗaya da sunanka ɗaya da sunana.

Sannan ka sa babbar 'yarka, tun da ta iya waya, ta riƙa zama da Inna da uwargidan Sarkin Noma da yamma tana ɗaukar maganarsu. Kada ta yi musu tambaya irin ta 'yan jarida, ta bar su su yi hirarsu kawai, sai dai ta riƙa jan su zuwa ga sunayen gonaki da iyakokinsu, wace gamba ce ta raba mu da wane, ta ina burtali ya bi, wa ya haƙa wace rijiya, waɗanne gidaje ne suka tashi a shekarar fari ba su dawo ba, da kuma waƙoƙin Gwaggo duk wanda Inna ta riƙe. Ta riƙa turo mini, ni zan zauna in rubuta su a littafi da dare bayan an tashi kasuwa. Su biyun nan su ne suka rage, kuma ka ce mini uwargidan ta fara mantuwa.

Ina da niyyar zuwa kafin azumi idan hanya ta yi kyau, kuma abin da zan fara yi bayan na gaida Inna shi ne ka raka ni maƙabarta ka nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan, idan direban da ke ɗauko mana albasa zai taso, ka ba shi zangarniya uku ta zangon nan a nannaɗe cikin buhu. 'Ya'yana a nan aka haife su, masara da rogo da ayaba suka sani, ƙaramin ma da na ce masa akwai geron da zangarniyarsa ta fi hannunsa tsawo bai yarda ba. Ina so in ɗora musu ita a hannu sannan in ba su labarin ƙaramar rufewa.

Ka gaida Inna, ka ce ina neman gafararta da addu'arta. Ka gaida Yaya mace da maigidanta, da matanka da yara, da Kawu, da sabon Liman, ka kuma sake miƙa ta'aziyyata ga dukan gidan Sarkin Noma. Mai ɗakina da yara suna gaishe ku.

Wassalam.

Ni ne ƙaninka,
daga Kumasi.